Ɗorawar Goggo

Gonar mahaifinmu tana bakin titi, tsakanin Bodinga da Sifawa. Gonar tudu ce, rairayi, gero da wake ake yi a cikinta, ba wani abin a zo a gani ba. A tsakiyarta akwai wata ƙatuwar ɗorawa wadda sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye gindinta. Gonar ta babanmu ce, ɗorawar kuwa ta ƙanwarsa ce, wadda muke kira Goggo.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ce wannan wane irin rabo ne. A wurinmu ba baƙon abu ba ne, ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban. Ana iya gadon gona a bar wa wani tsamiyar da ke cikinta, ana iya ba da aron gona shekara goma amma kukar tana nan ta mai ita. Mai gona ya yi shukarsa ya yi nomansa, in 'ya'yan itace sun nuna mai shi ya zo ya kwashe abinsa, ba wanda ya ci wani. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, haka muka taso muka tarar.

Goggo ta samu tata ne lokacin da kakanmu ya rasu aka zauna rabon gado. Tana aure a wani ƙauye wajen Kajiji, can ƙasar Shagari. Aka fitar mata da kasonta na gona, ta dube shi ta ce ita ba za ta ɗauki ƙasa a ka ta kai Kajiji ba, kuma ba za ta zauna jiran wani ya nome mata ya ba ta abin da ya ga dama ba. Ta ce yayanta ya haɗa kason da nasa, ita a bar mata ɗorawar. Malamin da ya yi rabon ya sake tambayarta, ta sake faɗa, dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. An ce ranar har dariya wasu suka yi mata, wai ta ba da gona ta karɓi inuwa.

Masu dariyar ba su daɗe suna yi ba. Kowace bazara, in jan furen nan ya zube, 'ya'yan suka bushe, sai ga Goggo ta sauka daga mota da buhunanta. Tana da wata doguwar gora mai ƙugiya da take ajiyewa a bayan rumbunmu. Takan yi mako uku a gidanmu, wani lokaci wata guda. A kaɗo ɗorawar, a ɓare, a daka, a tankaɗe garin, mu yara mu yi ta sha har cikinmu ya kumbura. Ɓawon kuma ta ba magina su jiƙa makuba, abin da ake shafe katanga da daɓe da shi don kada ruwa ya ci. Kalwar, wato ƙwayar, ita ce dukiyar. Ita take kaiwa gida ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe har ta yi yadda ake so, ta yi daddawa ta kai kasuwar Shagari. In tata ta ƙare takan sayi ta wasu, amma sunan da ta yi a kasuwa da ta itacenta ta yi shi. Da daddawar nan ta riƙe gida lokacin da ciwon ƙafa ya zaunar da mijinta, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Gajeruwa ce, mai murya, ga faɗa, kuma in ta wuce ka san mai daddawa ta wuce. Mukan tsokane ta mu ce hanci ke riga ido sanin zuwanta, ta ce to mu daina cin miya mu gani.

Babanmu kuwa kowace damina sai ya yi mita. Gero ba ya yin kirki a ƙarƙashin ɗorawa, sai ya tashi siriri ba zangarniya. Yakan tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Iccen Goggonku ya canye man dami biyar bana." Amma har ya koma ga Allah bai taɓa sa gatari ya rage ko reshe ɗaya ba.

Ni tela ne, shagona yana kasuwar Bodinga. Na ɗan taɓa boko, na gama sakandare, saboda haka duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake miƙa wa. Yayana shi ne manomin gidan. Bayan rasuwar babanmu gonar ta dawo hannunmu, mu biyu da ƙannenmu mata uku. Ba mu raba ba, shi yake nomawa a ci tare.

Ba na cikin masu kukan zamanin da, kuma ina jin haushin mutumin da zai zo daga birni cikin mota mai sanyi ya ce wayyo gonaki suna ƙarewa. Gonar nan ta gaji. Da can Fulani sukan sauka a cikinta da rani, shanu su kwana su zuba taki, a ba su hatsi, a sha nono. Sai aka yi ta cin burtali, wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har hanyar shanu ta toshe suka daina zuwa. Mu ma mun ƙara tamu kunyar, ba zan ɗora wa wasu su kaɗai ba. Takin zamani kuma ba kowace shekara ake iya sayensa ba. Gonar da babanmu ke cika rumbu biyu da ita ta koma da ƙyar take cika ɗaya, ga bakuna sun ƙaru.

A lokacin kuma gari yana ta matsowa. Aka gyara titi, aka jawo wuta, wani ya kafa gidan bulo, wani ya gina gidan mai. Maƙwabcinmu na gabas ya sayar da tasa aka yanka fulotai, na arewa ya bi sahu. Sai ka shuka gero ka wayi gari awakin sababbin gidaje suna ciki, ledoji sun maƙale a kowane kara, 'yan babur sun fitar da hanya ta tsakiyar wake don sun ga ta fi kusa. Yayana ya ce a sayar a sayi fadama wajen Danchadi, a kafa bututu, a sa injin ban-ruwa, a yi albasa da rani, da damina a yi shinkafa. Na ce shawara ta yi, ƙannenmu suka yarda. Har gobe ina cewa shawara ce mai kyau, don albasar nan ce ke ciyar da gidanmu yanzu.

Ni aka tura Kajiji in gaya wa Goggo, don ba a yin irin wannan babba yana raye bai ji ba. Na hau babur na je, na same ta tana shanya daddawa a kan tabarma. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Ta yi wa yayanta addu'a, ta ce gona tamu ce, mu yi abin da zai fisshe mu. Sannan ta ce:

"To shi mai sayen, kun hwaɗa mai ɗorawar tawa ta?"

Na ce, "Haba Goggo, ai kowa ya sani. Ƙasa za mu sai da, ba icce ba."

Ta ce, "Kowa na garinku ya sani. Shi ɗan garinku na?"

Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta, ni zan tsaya a kan takardar. Ta ƙulla mini daddawa a leda, na kamo hanya. Wallahi kafin in kai bakin titi na manta da maganar, hankalina yana kan ɗinkunan salla da na bari jibge a shago.

Mai sayen wani ɗan kasuwa ne daga birnin Sakkwato, haifaffen birni, mai sayar da kayan gini. Wannan ne karonsa na farko na sayen gona don ya yanka fulotai. Ba mugu ba ne, kuma bai cuce mu a ciniki ba. Ranar da aka zo zagayen iyaka da wakilin hakimi da shaidu, a gindin ɗorawar nan aka shimfiɗa tabarma, don ita kaɗai ce inuwa a wurin. Har ya ɗaga kai ya ce, "Kai, icce mai albarka!" Muka ce ƙwarai kuwa. Mu bakwai ne 'yan gari a kan tabarmar, kowannenmu ya san mai itacen, ba wanda ya buɗe baki. Ba ɓoyewa muka yi ba, abin ne bai zo mana a matsayin maganar da ake faɗa ba, kamar yadda ba ka gaya wa baƙo cewa ba a shiga masallaci da takalmi. Na karanta takardar daga sama har ƙasa, na duba iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, har na sa aka gyara tsawon gefe ɗaya, don tela ba ya wasa da awo. Na sa hannu, yayana ya dangwala yatsa, bakin alƙalami ya bushe.

Da muka cire amfanin wannan shekarar aka zo da masu awo, aka share gambar da ke kan iyaka, aka kakkafa turakun siminti. Aka jibge yashi da bulo a gefe, aka ajiye mai gadi a wata 'yar rumfar kwano. Mu kuma hankalinmu ya koma fadama, muna koyon dashen albasa kamar sababbin shiga.

Bazara ta zagayo, Goggo ta sauka kamar kullum. Ta kwana, da safe ta ɗauko gorarta daga bayan rumbu ta tafi duba ko 'ya'yan sun isa kaɗa. Ina kan keke wajen hantsi, ina haɗa wuyan wata riga, sai na ga mutum ya tare mini haske a ƙofar shago. Goggo ce, da gora a hannu ta fi rumfar tsawo. Na yi mata tayin kujera, ba ta zauna ba.

"Wani ƙato ya tare ni bakin gona, wai ba a shiga. Nic ce mai wurin iccena za ni. Yac ce ba ni da icce nan, mai gidanshi ya saye wuri da dud abin da ac ciki. Kai kac ce man za ka tsaya bisa takarda. To tashi ka tai ka hwaɗa mai."

Ranar kasuwa ce, maƙwabtana teloli duk sun tsayar da kekunansu suna sauraro. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma da yake ni mai saurin fushi ne, sai kunyar ta juye faɗa. Na tashi na ce wane ne shi, yaushe aka haife shi, yau sai ya gaya mini wanda ya ba shi iko ya tare uwata a gonar ubanta. Ihu bayan hari ke nan. Goggo ta bar ni na gama bambamina, sannan ta ce:

"Ba shi nika tambaya ba, shi aikinai shika yi. Kai nika tambaya. Ka hwaɗi ko ba ka hwaɗi ba?"

Na ce ban faɗa ba.

Ta jingina gorar a jikin shagona ta juya ta tafi gida. Ni na ɗauko gorar da yamma, na ratsa kasuwa da ita kowa yana kallona.

Muka kai magana gaban hakimi, aka sa rana, aka kira mai sayen. Ya zo da wata babbar takarda ta zanen fulotai ya shimfiɗa a tsakiyar zaure. Goggo ta zauna daga gefe, kusa da ƙofa. Hakimin dattijo ne, yana saurayi aka yi rabon gadon kakanmu, ya ce shi kansa shaida ne ɗorawa ta wannan baiwar Allah ce, kuma a al'adar ƙasar nan sayen gona ba ya cin itacen wani.

Mai sayen ya ce, "Ranka shi daɗe, ban musa ba. Amma ni ban taɓa jin haka ba, kuma ba wanda yah hwaɗa man. Da an hwaɗi tun hwarko, da na san yadda zan tsara abina."

Ya sa yatsa ya nuna mana a kan zanen. Layin da aka fitar don motoci ya bi ta kan ɗorawar daidai, an riga an sayar da fulotan hagu da dama, wasu har sun fara haƙa tushe. Ba yadda za a karkata hanya sai an shiga filin wani. Ya ce dattawa su yi wa itacen kuɗi, duk abin da suka yanke zai biya, kuma ya ba Goggo haƙuri a kan abin da mai gadinsa ya yi.

Hakimi ya juya wajenta ya ce, "To, kin jiya."

Ta ce, "Allah shi ba ka nasara, na jiya. Ni ban kawo icce kasuwa ba. Ubana yab bar man shi. Su sun sai da nasu, sun sai hwadama, Allah shi sa albarka. Ni in na amshi kuɗɗi, mi za ni saye da su garin ga wanda za a ce nawa na?"

Yayana ya sa baki ya ce zai dasa mata wata ɗorawar a fadama, ko guda biyar take so. Ta dube shi ta tambaye shi shekara nawa ɗorawa ke yi kafin ta haihu, ita kuma shekara nawa yake ganin ta rage mata. Hakimi ya dube ni, ni kuwa na dubi tabarma. Gaskiya tana wurin Goggo, takarda tana wurin mai saye, kuma kowa a zauren ya san in aka je gaba takardar za a tambaya. A ƙarshe aka sasanta a kan ta kwashe 'ya'yan bana ba mai hana ta, kuma ba za a taɓa itacen ba sai bayan damina. Abin da mai sayen zai bayar hakimi ya ce a ajiye a wurinsa har ranar da ta huce. Ba ta taɓa zuwa karɓa ba.

Na rufe shago kwana huɗu, ni na hau mata itacen, da furfurata da tumbina. Rabona da hawa itace tun ina saurayi, ga tururuwa suna cizona. Tana ƙasa tana ba da umarni: "Na dama! Kai makaho na? Ga su nan bisa kanka!" Da can takan bar na ƙololuwa ta ce rabon tsuntsaye ne da masu wucewa, amma bana ta ce a kaɗo duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini gori ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ranar ƙarshe, bayan mun ɗaure buhuna, ta tsaya tana kallon turakun siminti, ta ce in nuna mata daidai inda kasonta na gona yake, wanda ta bar wa babanmu. Na juya gabas na juya yamma na kasa, don an baje kunyoyi, wurin duk ya zama ɗaya.

Bayan damina aka zo da injin yankan itace. Ban je ba, amma ana jin ƙararsa daga cikin gari. Yini biyu suka yi, masu gidan burodi suka kwashe itacen. Yanzu wurin layi ne mai kwalbati, akwai shagon cajin waya kusa da inda gindin yake. Mutanen unguwar suna kawo mini ɗinki, mutanen kirki ne, ba su san komai a kan wannan magana ba.

Bazarar da ta biyo baya Goggo ba ta zo ba. Muka ce ko jiki ne ya motsa. Na je Kajiji na same ta lafiya lau, tana surfa kalwar da ta sayo a kasuwa. Muka gaisa, ta tambayi kowa da sunansa, ta tambayi albasa. Na ce a gida ana ta cigiyarta, yaushe za ta zo ta yi mana kwana biyu?

Ta ce, "In zo in yi mi?"

Na ce, "Haba Goggo, gidanku na hwa. Sai da dalili?"

Ta ci gaba da surfenta, sai da ta juya kalwar a turmi sannan ta ce, "Da, wurin abina nika zuwa, ko wata nawa niy yi ba mai cewa na daɗe. Yanzu in na zo, baƙunci na zo. Baƙo kau sai an kira shi."

Na yi rantsuwa, na yi magiya, na ce laifina ne ni kaɗai, kada ta hukunta gida duka. Ta ce ita ba hukunci take yi ba, ta yafe mini tun ranar da na hau itacen, kada in sa wa raina damuwa. Na yarda ta yafe, don Goggo ba ta iya ɓoye abu a ciki ba. Amma na dawo gida zuciyata a jagule, don sai ranar na gane abin da na sa wa hannu. Shekara hamsin tana zaman aure a garin wasu, abin da ya rage mata a garin ubanta wanda ba sai ta roƙi kowa ba shi ne itacen nan.

Sai da ɗan yayana ya samu ƙaruwa muka aika mata, ta zo suna. Ina zaune a ƙofar gida tare da maza na ga ta sauka daga babur, ta sha lulluɓi da mayafinta na zuwa unguwa. Muka gaisa, ta ratsa zaure ta isa ƙofar tsakar gida. Gidan da aka binne cibiyarta ne, inda a da sai dai mu tsinkayi muryarta daga ciki tana tambayar wa ya bar turmi a rana. Ta tsaya a bakin ƙofar ta yi sallama. Hayaniyar mata ta hana a ji. Ta sake yi, ta tsaya tana jira, da ƙullin daddawa a hannunta. Ni na tashi na shiga na ce wa matan su fito su shigo da ita, Goggo ce ta zo.

Ana idar da sallar la'asar ta aiko a ce mini in nemo mata babur, tana so ta isa gida da sauran rana.